Zangon Jiya da Zangon Gobe: Irin Masaukin Matafiya da Ya Dace da Hanyoyinmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

   

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini nauyin in yi magana a kan masaukin matafiya a bakin manyan hanyoyinmu, da irin fasalin da ya kamata a ba shi domin ya amfani baƙo ba tare da ya cuci ƙasa da ruwa da daji ba. Na san akwai wanda zai ce a ransa: ana kukan rufin aji da maganin asibiti, ina ruwanmu da inda direba zai miƙe ƙafa? Ina roƙon mai wannan tunani ya yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin titin nan da muke gani ya ratsa ta gefenmu shi ne babbar kadarar da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka yi tarayya a kanta, kuma shi ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Motar da ta fito daga Kano za ta Zariya ko Kaduna ko Abuja, ko wadda za ta zarce Kudu da tumatirin Kwanar Gafan da shanu da hatsi, sai ta ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru. Masu zuwa Jos da yawa kuma a Kwanar Dangora suke karya kwana, su bi ta Tudun Wada, su keta dajin Falgore, su faɗa ƙasar Doguwa kafin su tsallaka Saminaka. Tun daga 2018 da aka shiga aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano, ɓangaren da ke tsakaninmu da Zariya ya yi sumul. Alheri ne babba, amma ya zo da nasa sharaɗin, domin a da ramuka ne ke tashin direba daga gyangyaɗi, yanzu kuwa babu mai tashinsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana kiran direbobi su riƙa hutawa bayan 'yan sa'o'i na tuƙi. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ma: direban babbar mota ba zai wuce sa'a huɗu da rabi yana tuƙi ba sai ya huta minti 45. To, a nan gida, in an ce wa direba ya huta, ina zai huta?

Kakanninmu sun amsa wannan tambaya tun kafin a ƙera mota. Bebeji gari ne na fatake. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Kilafaton, ya bi ta cikinsa a 1826 a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya same shi gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa, har ya ƙiyasta mutanensa da dubu 20 zuwa 25. A nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan madugai na Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari irin nasu yakan yi watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro da mata masu dafa abinci, kuma kowace tafiyar yini tana ƙarewa ne a zango. Jagaba ba ya zaɓen zango da ka. Sai ya tabbatar akwai ruwa, akwai inuwa, akwai makiyayar dabbobi, akwai kuma gari a kusa da mai gida zai karɓi baƙi ya tsaya musu. Mutanen gari su fito da fura da dawa da harawa su sayar, baƙi su tashi da asuba su bar musu taki a fili. Kowa ya ci riba, kuma in ayari ya dawo baɗi zai tarar da tsamiyar nan a tsaye da rijiyar nan da ruwa, saboda mutanen garin sun san ranar da aka sare tsamiya, ranar ayari zai sauya hanya. Wannan al'ada ta yi ƙarfin da har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara sunansu Zango. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kashe ayari, mota ta gaje shi, amma ba ta gaji tsarinsa ba.

Abin da muke da shi a yau kowa ya san shi, ba sai na tsawaita ba. Manyan motoci jere a kafaɗar titi, rumfunan kwano da leda, mai shayi da mai tsire da bakanike duk a cakuɗe, ledar fiya-wata ta toshe kwalbati, mace ta sauko daga mota tana waige-waigen inda za ta kama ruwa ba ta samu ba. Wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos a jihar Kaduna ya ga inda wannan hali yake kaiwa in an bar shi ya girma. Mutanen da ke neman abinci a waɗannan wurare 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ba su yi laifin komai ba. Ba a ba su wuri mai tsari ba ne.

Idan aka ce a gina masauki na zamani, abin da ke fara zuwa a ran mai kuɗi shi ne gidan mai da jerin shaguna na bulo, a malale fili da siminti, a sare duk bishiyar da ke wurin domin a ga allon talla daga nesa, a girke janareto. Ni kuwa ina ganin a juya lissafin. A fara da abin da wurin ya riga ya mallaka, a kuma auna kowane abu da tambaya ɗaya: bayan shekara goma, in mai kwangila ya tafi, gwamnati ta sauya, mutanen garin nan za su iya riƙe shi da hannunsu da aljihunsu?

Abu na farko bishiya ce, kuma da gangan na sa ta gaba da gini, saboda gini wata shida ya isa, inuwa kuwa sai an shekara bakwai ko goma. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40. Filin siminti ko kwalta yana shan wannan zafi duk yini, ya yi ta amayar da shi har tsakar dare, lokacin da direba yake neman barci. Don haka kafin mai awo ya kafa turke, a zagaya filin a ƙirga manyan itatuwan da ke ciki, a zana ginin ya kauce musu. Tsamiyar da ta shekara hamsin babu kuɗin da zai saye ta. Wajen dashe kuma a yi zaɓe da ilimin da manomanmu suke da shi. Kuka uwa ce, amma tana zubar da ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwarta. Gawo kuwa akasinta ne, da rani yake tofo, da damina ya kaɗe, saboda haka ya dace da gefen filin ajiye motoci. Ceɗiya da durumi reshe ake sarowa a kafa, su kama da wuri, sai dai a nisanta su da gini da ramin bayan gida domin saiwarsu ba ta da kunya. Maɗaci ya dace da jeri a bakin shiga. Darbejiya tana da saurin girma da juriyar fari, a sa ta ta riƙe wuri kafin tsamiya da ɗorawa su taso. Bishiyar turare ce ban ba da shawara a kusa da rijiya ba, don shan ruwanta ya yi yawa. A dasa da faɗuwar damina, a kewaye kowace da ƙaya ko waya, a kuma ɗora wa kowane mai rumfa alhakin bishiyar da ke gabansa. Akuya ta fi fari kashe dashe a ƙasar nan.

Sai gini. Maginanmu na gargajiya sun san abin da injiniyoyi ke koyarwa yau a jami'a. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta zafin rana, ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, iska ta yi sanyi. Shi ya sa zauren dagaci ya fi ofishin sakatariya daɗin zama da azahar. Ban ce a koma tubali da azara kaɗai ba, domin giginyar da ake yin azara da ita ma ta yi ƙaranci, kuma yaɓe da makuba duk shekara wahala ce. Akwai tsaka-tsaki: bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kaɗan, a ɗora shi a kan harsashin dutse, wanda Allah ya hore mana shi daga Tiga har Riruwai. A shimfiɗa ginin tsawonsa daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye za su fuskanci kudu da arewa, rana ta safe da ta yamma ta bugi gajerun kawai. A yi rufi mai tsawo da baki mai faɗi, ya zama laima ga bango da baranda, musamman ta gabas inda hadari ke tasowa. A bar kafofi a sama domin iska mai zafi ta fice. In kwano za a sa, a sa mai haske, a yi masa silin ko a shimfiɗa asabari a ƙarƙashinsa. Ginin da aka yi haka ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk abin da bai buƙaci janareto ba, ba zai mutu ranar da man dizal ya yi tsada ba.

Rufin nan kuma rijiya ce a sama. Yankinmu ya fi birnin Kano samun ruwan sama, a kudancinsa yakan kai milimita 1,000 ko fiye a shekara. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200 zai tara kusan lita 200,000 a damina guda, wato jarka 8,000 irin ta 'yan garuwa. Ko an zubar da ruwan farko da ke wanke ƙurar rufi, ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya rage zai yi alwala da wanki da ban-ruwan dashe na tsawon lokaci, in an yi masa indararo da tanki na ƙarƙashin ƙasa. Wannan yana da muhimmanci saboda ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne, rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa da yawa sai an dace da tsaga, wasu kuma sukan ja baya a watan Afrilu da Mayu. Ita burtsatsen a haɗa ta da farantan hasken rana, ta tura ruwa tankin sama da rana, da dare ruwa ya sauko da kansa. Wannan tsari ba ya buƙatar batir, kuma batir shi ne abin da ke fara mutuwa, shi ne kuma ɓarawo ya fi so. A bar batir ga fitilu kawai, a kuma ware kuɗin sauya shi tun ranar da aka saye shi. Duk mun ga turakun fitilun sola da ke tsaye a garuruwanmu ba haske.

Yanzu na zo kan abin da ake jin kunyar faɗa a gaban manya, ina neman afuwa, amma shi ne zuciyar maganar: makewayi. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili, da burin a gama a 2025. Ba a cim ma burin ba, aka ɗaga zuwa 2030. Maƙwabciyarmu Jigawa ce jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a, a 2022. Gari yana iya gina masai a kowane gida, amma in matafiya ɗaruruwa suna sauka bayan gari kullum, aikin banza aka yi. Malamai suna nan, sun karantar da mu cewa addini ya hana biyan buƙata a kan hanya da inuwar da mutane ke zama da mashayar ruwa. Waɗannan wurare uku kuwa su ne zango. Ba na goyon bayan a kwaikwayi bayan gida irin na otal mai cin bokiti guda a kowane amfani, domin ranar da famfo ya tsaya ya zama abin gudu. Wanda ya dace da mu shi ne na tsuguno, mai buta, ko masai mai bututun iska irin wanda aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970: bututu baƙi mai tsawo yana ɗumama da rana ya ja wari sama, a bakinsa a ɗaura raga, ƙudan da ya bi haske ya hau sai ya maƙale ya mutu. A yi ramuka biyu, in ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ya zama taki. A nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, a kuma sa shi ta gangare. A karkata shi kudu ko arewa saboda alƙibla. Ɓangaren mata ya zama da ƙofarsa daban, da katanga, da haske, da wurin wanke yara, kuma ya fi na maza yawan ɗakuna, ko da mai zane ya ce ba haka aka saba ba. Ruwan alwala kuwa, wanda ba shi da wata ƙazanta, kada a bar shi ya zama kwata a ƙofar masallaci. A ja shi ta ƙaramar magudana zuwa gindin itatuwa.

Me ya sa nake matsawa a kan abin da ke gangarawa daga masauki? Saboda mu ne a saman ruwa. Kogin Kano daga kudu yake tasowa, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ake shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin ne kuma matatar Tamburawa ke ɗiban ruwan da birnin Kano ke sha. Baƙin man da bakanike ya tsiyayar a ƙasa a bakin titi ba ya ɓacewa. Ruwan farko zai kwashe shi zuwa rafi, rafi ya kai kogi. Maganin ba shi da tsada. A keɓe wa masu gyaran mota da masu wanki dandamali na kankare mai ɗan gangare, ruwansa ya bi ta rami mai ɗaki uku. Yashi ya kwanta a na farko, mai ya taso sama a na biyu tunda ya fi ruwa sauƙi, a kwashe shi a durom a sayar, ruwa ya fita ta ƙasan na uku. A wannan wuri kaɗai, da inda manyan motoci ke juyawa, ake buƙatar kankare. Sauran fili a zuba marmara da tsakuwa a daddaɓe, ruwan sama ya nutse ya ciyar da rijiya, maimakon ya taru ya yanki gonar maƙwabci ya zama zaizaya.

Tankokin man fetur kuma a ba su wurinsu can gefe, nesa da masu wuta, da hanyar fita tasu. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tanka ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, ya isa wa'azi. Allah ya jiƙansu.

Wutar girki ita ce ta kai ni Falgore. Kowane buhun gawayi da kowane lodin itace da ke ci a ƙarƙashin tukunyar mai abinci a bakin titi, daga wani daji ya fito, kuma mun san dajin. An keɓe Falgore tun zamanin Turawa da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Dattawan Tudun Wada da Doguwa suna ba da labarin gwanki da mazo da gada da suke gani daga kan hanya. Shekarun da ɓarayin shanu da masu fashi suka mai da shi mafaka sun sa har sojoji suka kafa filin horo a cikinsa a 2017, kuma har yau direba in ya doshi dajin da yamma sai ya ƙara taka mota. Masauki mai haske da tsaro a bakin dajin ta Tudun Wada, da wani a mafitarsa ta Doguwa, zai ba wanda dare ya riska zaɓin ya kwana maimakon ya yi kasada. Amma in an gina su aka bar masu abinci ashirin suna hura murhu mai duwatsu uku, mun kafa wa dajin kasuwar gawayi ne a ƙofarsa. Saboda haka sharaɗin samun rumfa ya zama girki da gas ko da murhun zamani mai tsimin itace, a kuma ware wani yanki na filin a dasa itatuwan da za a riƙa sassabe rassansu don wuta.

A ɗaya daga cikin waɗannan biyu nake ganin ya kamata a yi zauren baƙi, wato ɗan ɗaki da zai gabatar da dajin ga wanda bai san shi ba. Ba sai an shiga cikin daji an sare wuri ba. A yi shi a gefe, a filin da an riga an nome. Taswirar daji da kogi, sunayen itatuwa da Hausa da Fulatanci da amfaninsu, hotunan namun da suka rage da waɗanda suka ƙare, tarihin haƙar kuza a duwatsun Riruwai, da tsohon maharbi ko ma'aikacin gandun daji da zai zagaya da 'yan makaranta. Fitilunsa su kalli ƙasa, kada su haske daji. Yaron da aka kawo daga Kano ya ga kaɗanya da idonsa, aka ce masa daga nan ruwan famfonsu yake fitowa, ba zai manta ba. Kuma kada mai awo ya toshe burtali ko mashaya. Makiyaya maƙwabtanmu ne a wannan daji, a ba matansu rumfar fura da nono a wuri mai kyau, ba a bakin kwalta ba.

Muna da darasi a gida game da gina abin da ya fi ƙarfin riƙo. Otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse a Tiga, da otal ɗin tafkin Bagauda, an gina su da kyakkyawar niyya domin jawo baƙi, kuma sun yi tashe a zamaninsu. Na Bagauda daga baya ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, na Tiga kuwa ya shafe shekaru yana jiran gyara. Dukansu sun dogara da baitulmalin gwamnati da baƙon da zai taso musamman domin shaƙatawa. Masaukin da nake magana a kai baƙonsa yana kan titi tun yanzu, dare da rana, ba sai an yi masa talla ba.

Ƙasar Japan ta gwada wani tsari da ya yi kama da zangonmu ƙwarai. A 1993 suka fara rajistar abin da suke kira tashar bakin hanya, da guda 103. Yau sun haura 1,200. Sharaɗinsu shi ne filin ajiye mota da bayan gida su kasance a buɗe dare da rana kyauta, a samu wurin ba da bayani kan hanya da yankin, sannan garin da tashar take ya kawo amfanin gonarsa da sana'arsa ya sayar. Galibi hukumar hanya ce ke yin fili, ƙaramar hukuma ta yi rumfuna. Ku dubi abin da za mu ɗora a kan irin wannan teburi: shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, kifin Tiga, rake da zuma da daddawa da man kaɗe. Yanzu 'ya'yanmu mata ne ke bin motoci a guje da faranti a ka, a tsakiyar titin da mota ke gudun kilomita ɗari. Rumfa a cikin masauki za ta mai da cinikin hannun iyayensu, su kuma su koma aji.

Na ɗauki darasin kyautar bayan gida da muhimmanci, ko da yake na san wasu za su saɓa mini. In aka sa kuɗi a ƙofa, mai Naira ɗari zai shiga, marar ita zai zagaya baya, mu kuma bayan ne muke son karewa. A ɗauki albashin masu shara da mai gadi daga hayar rumfuna da kuɗin kwanan manyan motoci da na wanka. A naɗa sarkin zango, mutum ɗaya da za a iya kira da suna in wuri ya ƙazantu, da kwamiti da ya haɗa wakilin hakimi, da na ƙungiyoyin direbobi na NURTW da NARTO, da mace daga masu abinci, a riƙa karanta lissafin kuɗin a irin wannan taro. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana kuma, ga rijiya ga inuwa ga ɗan hanya, wanda Alƙur'ani ya sa cikin masu haƙƙi a zakka. Yana iya yin waƙafi da sunan iyayensa.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo a wannan shekara bai kai gini ba. Fili nake roƙo. Ƙasar bakin titi tana tsada kullum, kuma in muka jira, gidajen mai za su cinye duk inda ya dace. Dokar hanyoyin Tarayya ta hana gini a cikin mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, don haka filin ya kasance bayan wannan iyaka, a wuri miƙaƙƙe da direba zai hango daga nesa, ba a kan kwana ko gangare ba, ba kuma a fadama ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka a karkara, saboda haka shugabanninmu na ƙananan hukumomi huɗu suna da abin yi a nan ba sai an je Abuja ba. A biya masu gona haƙƙinsu cikakke, a kuma ba su fifiko wajen rabon rumfuna. Eka biyar zuwa goma a kusa da Kwanar Dangora, da makamancinta a kowane bakin Falgore, sun isa farawa. In an samu kafin watan Yuni, matasan ƙungiya su kewaye shi su dasa itatuwa a wannan damina, injiniyoyi da masu zanen gini daga cikin 'ya'yanmu kuma, waɗanda nake ganin wasunsu a zaune a nan, su kawo mana zane da ƙiyasin kuɗi a taron baɗi, su yi shi kyauta.